Kulake Uku, Takarda Ɗaya: Yadda Ake Gane Asalin Tsohon Kulkin Yaƙi

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tsofaffin kulake uku a gwanjon kayan wani gida, a ɗaure wuri guda, an rataya musu 'yar takarda da Turanci wai kulaken yaƙin Zulu ne. Na farko gajere ne, santimita 41, kansa dunƙulalle mai tsaga-tsaga, mariƙinsa da zane irin na haƙoran zarto. Na biyu ya ɗan wuce mita ɗaya, yana ƙara faɗi zuwa sama, an zane jikinsa kaf, har da 'yan mitsi-mitsin siffofin mutane da tsuntsaye, kuma a gindinsa akwai ɗan kunne mai huda. Na uku siriri ne, kai mulmulalle sumul, an naɗe jikin da waya wuri uku. Don Allah ta yaya ake gane inda irin waɗannan suka fito, kuma yaya zan san ko tsofaffi ne da gaske?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Idan siffantawarka ta yi daidai, takardar nan ta kusanci gaskiya a kan ɗaya ne kawai cikin ukun, wato na ƙarshe. Sauran biyun ba na Afirka ba ne sam. Daga tsibiran Tekun Fasifik suka fito, na farko daga Fiji, na biyu kuma na fi karkata ga Tonga. Wanda ya saba da kayan gwanjo ba zai yi mamaki ba. Turawan ƙarni na 19 sun sha tara makamai daga ko'ina su jera a bangon falo don ado. In mai gida ya mutu, magada su sauke su ɗaure da igiya ɗaya, wani ya dubi wanda ya gane a ciki ya laƙaba wa duka sunansa. Bari in bi da kai ta hanyar da ake bi, don gobe in ka ci karo da wani ka san inda za ka fara dubawa.

Siffar kulki gaba ɗayanta ita ta fi ruɗin mutane, don ita ido ke fara gani. Amma kama da wane ba ta wane. Duk inda ɗan Adam ya tumɓuke ƙaramar bishiya da saiwarta ya sassabe jijiyoyin, abin da zai rage a hannunsa sanda ce mai dunƙulallen kai. Shi ya sa Zulu ke da iwisa, Masai ke da rungu, mutanen Ailan ke da shilele, na Fiji ke da ula, ƙabilun gabashin Amurka ta Arewa su ma da nasu mai kan ƙwallo. Daga nesa duk 'yan ɗaki ɗaya ne. Asali yana ɓuya ne a wuraren da masassaƙi ba ya tsayawa yin tunani, hannunsa kawai ke bin abin da ya gada: yadda ya gama gindin, yadda ya gyara mariƙi, yadda kai ya haɗu da jiki, da siffar da za ka gani da a ce an datse sandar biyu, ko zagayayya ce, ko shafaffiya, ko mai kusurwa huɗu. Ni kam in aka miƙo mini kulki, juya shi nake yi in fara da gindi.

Ɗauki na farkon. Santimita 41 ya faɗa daidai inda ula take, don galibinsu ba sa nisa da 40. Ta jifa ce. Jarumi yakan soke ɗaya ko biyu a ɗamararsa, ya wurga wa abokin gaba kafin a haɗa jiki, sannan ya ƙarasa da babban kulkin da ke hannunsa. Kan nata saiwar bishiya ce, jikin kuma shi ne karan, don haka in ka ƙura ido za ka ga zaren itacen ya murɗe a kai amma ya miƙe a jiki. Mai tsaga-tsagar nan ita ake kira ula tavatava, kuma sau da yawa akwai ɗan tudu zaune a saman kan. Wadda kanta ya zo zagayayye ba tsaga ita ce ula drisia. Zanen da ke mariƙi ba don ado kaɗai aka yi shi ba, yana hana santsi in hannu ya yi gumi. To yanzu juya gindin. A ula da yawa za ka tarar an ɗan rarake shi ya yi loko. Dunƙulallen kai na saiwa, gajeren jiki siriri, zane a mariƙi kaɗai, gindi mai loko, in waɗannan suka haɗu a abu ɗaya, maganar Zulu ta ƙare.

Fiji ta fi ko'ina yawan nau'in kulake, kuma nata suka fi cika kasuwar tsofaffin kaya, don haka yana da kyau ka san kaɗan daga cikinsu. Totokia kanta a lanƙwashe yake, da dunƙule mai gurza-gurza da tsini ɗaya mai kauri da ake fasa ƙoƙon kai da shi. Gata da sali suna da ɗan reshe a baya wanda ya sa Turawa suka kamanta su da gindin bindiga. Kiakavo tana kama da su amma ba ta da kaifi, don ta rawa ce da taro. Bowai miƙaƙƙe ne ba kai, vunikau kuma an bar masa guntayen jijiyoyinsa kamar ƙaya. A masu lanƙwasar nan akwai abin dubawa guda: a na ainihi zaren itacen yana bin lanƙwasar, don daga itacen da ya girma a haka aka sassaƙo shi. Wanda aka yanko daga faffaɗan katako, zaren zai ratsa lanƙwasar ya wuce abinsa, kuma bugu ɗaya mai kyau zai karya shi. Babu jarumin da zai yarda ya shiga fage da irin wannan.

Na biyun ya fi daɗin magana. Mutanen Tonga suna kiran kulaken yaƙinsu 'akau tau, kuma babu mai zana jikin kulki kamarsu. Sukan raba jikin gida-gida, kowane gida a cika shi da 'yan layuka masu haƙoran zarto, a jere tsaf, daga mariƙi har kai, sannan a tsakankanin layukan a saka ƙananan siffofi: mutum riƙe da kulki, tsuntsu, kunkuru, kifi. Wasu ba su kai faɗin farce ba, sai ka karkata itacen ga haske kafin su fito. Abin da ka ce ka gani ke nan. Shafa jikin da yatsu. In yana da kusurwa huɗu, yana buɗewa zuwa sama, kan kuma an datse shi ba tsini, to apa'apai ne, wanda aka ɗauko siffarsa daga gindin reshen kwakwa. In ya shafe ya yi faɗi da zagayayyen baki kamar filafilin kwalekwale, pakipaki ne. Ɗan kunnen nan na gindi na zura igiya ne a rataye shi, kuma shaida ce babba, don Tonga da Samowa ke barin sa, masassaƙan Fiji galibi ba sa yi.

Me ya sa na ce na fi karkata, ban ce tabbas ba? Saboda Samowa ma tana yin kulake na wannan dangin, har da mai siffar reshen kwakwan, wanda suke kira lapalapa. Bambancin yana hannun mai zane. Na Samowa yakan bar fili a jiki, zanen ya fi girma da tazara, kuma sau da yawa a cusa farin alli na ƙonannen dutsen teku a cikin tsagar don ta fito fili. Na Tonga ba ya barin fili, kuma shi ya fi son 'yan siffofin nan. Duba cikin tsagar naka da gilashin ƙara girma. Fari a ciki yana jan magana zuwa Samowa. Rashin fari, da cikar zane, da mutane da tsuntsaye, suna mayar da ita Tonga.

A nan ne ya kamata ka raba tambayarka gida uku, domin kalmar asali tana haɗe abubuwan da ba lallai su zo tare ba: salon na ina ne, hannun wa ya sassaƙa, kuma a ina Bature ya same shi. Fiji da Tonga da Samowa sun daɗe suna cuɗanya ta aure, da yaƙi, da kyauta tsakanin sarakuna. Tonga ba ta da manyan bishiyoyin da ake sassaƙa jirgin ruwa da su, sai mutanenta su tafi tsibiran Lau na gabashin Fiji neman itacen vesi. Masassaƙa 'yan asalin Tonga da Samowa suka zauna a can suna yi wa sarakunan Fiji aiki, kuma su aka sani da dasa 'yan taurari da jinjirin wata na haƙorin kifin wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku, a jikin kulki. Saboda haka za ka iya samun kulki mai siffar Fiji, da adon hannun mutumin Tonga, wanda wani ɗan mishan ya karɓa a Samowa. Duk wanda ya rubuta ɗaya daga cikin sunayen ukun a takarda bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi duka ba.

Na ukun kuwa, waya ce ta fi kan magana. Naɗin wayar tagulla da jan ƙarfe, wani lokaci a saƙa kala biyu su ba da zane, sana'a ce da ta yaɗu a kudu maso gabashin Afirka, a wurin Zulu da Swazi da Tsonga da Shona. Don haka da ni ne mai rubuta takardar, kudu maso gabashin Afirka zan sa, in ƙara da cewa mai yiwuwa Zulu. Bayan yaƙin Ingila da Zulu na 1879, da yaƙin Bowa da aka yi a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, sojojin Ingila sun koma gida da irin waɗannan rututu, sunan Zulu kuma ya zama mai tsada a bakin dillalai, har duk sandar da ke da ƙwallo a kai ta zama tasu. Dubi wayar da kyau. Ta tagulla da ta dushe, ta lafe a jikin itacen har ta bar sawu, datti ya daskare a tsakanin zarenta, alama ce mai kyau. In kuwa mai rigar roba ce kala-kala, wayar tarho ce, kuma ba a yi ta kafin rabin ƙarshe na ƙarni na 20 ba. Don ka bambanta shi da rungu na gabashin Afirka: rungu ya fi gajarta, kansa yakan karkata gefe ɗaya kamar gwiwar hannu, sau da yawa da ɗan tsiro a goshinsa.

Wasu kulaken ba sa wahalar da kowa, gani ɗaya ya isa. 'U'u na tsibiran Markesas dogo ne, kusan mita ɗaya da rabi, baƙi wuluk, kansa fuska ce gaba da baya, idanu da hancin fuskar su ma ƙananan kawuna ne. Baƙin nan kuwa daga binne shi a taɓon gonar gwaza ne, sannan a goge da man kwakwa. Na Kanak a Niyu Kaledoniya yana da kai kamar bakin tsuntsu, mariƙin ya ɗan fi jikin kauri. A tsibiran Solomon za ka ga gutsattsarin ƙumbar teku mai ƙyalli an dasa su cikin baƙin danƙo. Na 'yan asalin Ostireliya sukan zo da 'yan kwaruruka a tsaye daga sama har ƙasa, da jar ƙasa a shafe, wani lokaci da dunƙulen ƙaro a mariƙi. Na yankin Giyana a Amurka ta Kudu gajere ne mai kusurwa huɗu, tsukakke a tsakiya, an naɗe shi da zaren auduga.

Dogayen sanduna su ma haka. Taiaha ta Mawori a Niyu Zilan an sha rubuta ta a matsayin mashi saboda tsinin da ke gefe ɗaya, alhali tsinin nan harshe ne da ke fitowa daga bakin wani sassaƙaƙƙen kai, idanunsa na ƙumbar teku da ake kira paua, ko jan kakin hatimi a waɗansu na ƙarni na 19. Ɗaya gefen mai faɗi shi ake duka da shi. Ua ta tsibirin Ista tana da kai mai fuska biyu, idanun na ƙashi da baƙin dutse mai sheƙi. 'Akatara ta tsibiran Kuk takan wuce mita biyu, bakinta da haƙora gefe da gefe. Amma sanda tsura, wadda ba zane ba kai, labarinta daban ne. Lathi ta Indiya gora ce mai gaɓoɓi, sau da yawa da zoben ƙarfe a baki. Bo ta Japan takan kai kimanin santimita 182, jo kuma 128. Bayan irin waɗannan alamu na itace da awo da ƙarfe, duk wanda ya dubi miƙaƙƙiyar sanda ya rantse maka da ƙabilar da ta yi ta, ciniki yake nema.

Sai itacen kansa. Ɗaga na farko da na biyu ka ji. Ya kamata su fi ƙarfin girmansu nauyi, don itacen da aka fi amfani da shi a wannan yanki shi ne wanda Tonga da Samowa da Markesas ke kira toa, Fiji kuma nokonoko, masana tsirrai na ce masa kasuwarina. Ja ne mai duhu, tauri gare shi kamar ƙarfe, tsakiyarsa har nutsewa takan yi a ruwa. Kulkin da ya ji sakayau a hannu, baƙin jikinsa kuma ya tsaya a fata, inda ya ɗan karce sai fari ya leƙo, wannan rini ne a kan itace mai taushi, na 'yan yawon buɗe ido ne. Itacen dangin kwakwa da giginya kuma ba ya ɓuya: a gindi za ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe maimakon zobba, a jiki kuma gajerun zare masu duhu.

Sai dai ka riƙe wannan: sanin itace ya fi iya kore zato a kan tabbatar da shi. Kasuwarina tana tsirowa daga Fasifik har kudu maso gabashin Asiya, an kuma dasa ta a gaɓar Indiya da ta Afirka, don haka samunta ba ya ce maka Tonga ne ko Fiji. Amma in aka ce maka kulkin Tonga ne, gwaji ya nuna itacen ok ne na Turai, an gama. Kaɗan ne itatuwan da ke nuna wuri ɗaya tak, kamar toromiro da a tsibirin Ista kaɗai ya tsiro, ko mulga ta Ostireliya. Tantance itace da gaske aikin masana ne: a feƙe ɗan siririn ɓawo daga wurin da ba ya gani, a duba tsarin ƙwayoyinsa a ƙarƙashin madubin bincike, a gwada da sanannun samfura, irin aikin da ake yi a lambun Kew na Landan. Kada ka ɗauki wuƙa ka gwada da kanka.

Yanzu batun shekaru. A nan akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, wai in an ga sawun ƙarfe a jikin kulki to jabu ne. Ba haka ba ne. Kyaftin Kuk, shugaban jirgin binciken Ingila, ya je Tonga a 1773 da 1774 da 1777, kuma ƙusa na cikin abin da mutanen suka fi nema a hannun ma'aikatan jirginsa. Kafin nan da haƙorin kifin shak a ɗaure a ɗan itace ake zanen. Da ƙusa ta samu sai aka wasa ta aka ci gaba, zanen ma ya ƙara laushi da yawa. Mafi yawan kulaken da ke manyan gidajen tarihi bayan zuwan ƙarfe aka yi su. Abin da sawun kayan aiki ke gaya maka shi ne wannan: zanen haƙori ko ƙumba ba shi da zurfi, gindin tsagar a zagaye yake, layin yana ɗan rawa, na ƙarfe ya fi kaifi da zurfi. Hudar da aka yi da tsohon kayan aiki daga gefe biyu ake fara ta, sai ta yi faɗi a baki ta tsuke a tsakiya. Hudar da ta miƙe sak, faɗinta ɗaya daga farko har ƙarshe, ta ƙarfen Bature ce. Duba ta ɗan kunnen na biyun ka gani. Abin da ke kashe magana shi ne sawun inji: zobba a jere na injin gurza itace, ko 'yan karce masu zagaye na injin goge katako.

Shaidar tsufa da na fi yarda da ita ita ce cin hannu. Kashe fitilar ɗaki, ka kwantar da tocila a gefen mariƙin yadda hasken zai shafi jikin a kwance. A kulkin da aka riƙe shekara da shekaru, haƙoran zanen sun lafe sun yi sulɓi daidai inda tafin hannu ke zama, amma can sama inda hannu ba ya kaiwa suna nan da kaifinsu. Tudun zanen yana sheƙi, kwarinsa kuma a dushe yake da tsohon datti. Inda ya taɓa ɓantarewa, launin ciki ya yi duhu daidai da na kewaye, bakin ɓantarar ya daina kaifi. Mai yin jabu yakan tsofar da abu ko'ina daidai wa daida, har wuraren da hannu ba shi da dalilin taɓawa, ya bi da man takalmi. Sansana shi ma. Hanci yana kama abin da ido ya bari. Sheƙin man katako mai kauri, ko hudar sukurun rataya a bango, ba sa nuna jabu. Sau da yawa ɓarnar masu tarawa ce ta zamanin da.

Tsakanin na yaƙi da jabu kuma akwai wani babban rukuni: na gaske ne, 'yan ƙasar suka yi, amma don sayarwa. An ba Ingila mulkin Fiji a 1874, yaƙe-yaƙen cikin gida suka lafa, amma masassaƙa ba su ajiye gizago ba, don jiragen baƙi na zuwa. Sojojin Amurka da suka cika Fasifik daga 1942 zuwa 1945 su ma sun sayi na tsaraba da yawa. Irin wannan zai iya haura shekara ɗari yanzu bai taɓa ganin fagen fama ba. Jabun ma ba yau aka fara ba. Wani James Little na garin Torquay a Ingila ya yi suna a farkon ƙarni na 20 wajen ƙirƙiro kayan Mawori yana sayar wa manyan masu tarawa.

Za a ce maka ka kai a yi gwajin kabon, wato auna wani nau'in sinadarin kabon da ya rage a cikin itace don a ƙiyasta shekarunsa. Yana da amfani, amma ba yadda mutane ke zato ba. Na ɗaya, lokacin da itacen ya girma yake aunawa, ba ranar da aka sassaƙa shi ba, don haka mai wayo zai iya yin sabon kulki da tsohon katako. Na biyu, tsakanin wajen 1650 da 1950 sakamakon yakan zo da zango biyu ko uku da ba a iya zaɓar ɗaya a ciki, kuma nan ne kusan duk waɗannan kulaken suka faɗa. Inda gwajin ya yi fice shi ne kama sabon itace: gwajin bama-baman nukiliya a sararin sama ya ɗaga yawan wannan kabon daga tsakiyar shekarun 1950, ya kai ƙololuwa a tsakiyar shekarun 1960, kuma duk itacen da ya girma bayan nan yana ɗauke da tambarin. Hoton asibiti na ganin ƙashi kuma yakan tona darmar da aka ɗura a kai, kamar yadda ake yi wa wasu shilele da kulaken ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Takardar da ta zo da naka ta yi kuskure, amma kada ka yar da ita, kuma kada ka goge wata lamba ta tawada ko farin fenti da ka gani a jiki. Tsofaffin sunayen wurare suna nuna zamanin da aka rubuta: Friendly Islands Tonga ce, Navigator Islands Samowa, Sandwich Islands Hawai, Feejee Fiji, New Hebrides kuma ita ce Banuwatu kafin 1980. Lamba kuwa takan kai ka ga littafin wani mai tarawa. W. O. Oldman, dillalin Landan, gwamnatin Niyu Zilan ta sayi tarinsa na Fasifik a 1948, na A. W. F. Fuller ya koma gidan tarihi na Field a Shikago a 1958. James Hooper da Harry Beasley su ma kayansu sun watsu da lambobinsu a jiki. Kulkin da aka gano lambarsa a irin wannan littafi ya fita daga sahun zato.

Wajen gwadawa da hotuna, ka bar tallan 'yan gwanjo, don junansu suke kwafa, kuskure ɗaya ya haifi goma. Nemi kayan da aka san shekarar da aka karɓo su da wanda ya karɓo. Ayarin binciken Amurka ƙarƙashin Charles Wilkes ya tsaya Fiji a 1840, kayansa suna gidan tarihin Smithsonian na Amurka. Anatole von Hügel ya yi tari a Fiji daga 1875, nasa suna gidan tarihin jami'ar Kambirij. Gidan Pitt Rivers na Okusfod, da British Museum, da Te Papa na Wellington, duk sun sa kundinsu a intanet. Kuma kafin ka yi nisa, tabbatar abin da ke hannunka makami ne ma tukuna. Kulaken motsa jiki masu siffar kwalba bibbiyu suke zuwa, na bugun ɓawon itace don yin tufa yana da kusurwa huɗu da kwaruruka, kulkin 'yan sandan Ingila kuma yakan zo da fentin kambi da harufan sarki ko sarauniya, kamar VR na Sarauniya Biktoriya. Naka ukun dai sun tsallake wannan.

Abin da ya rage gare ka kaɗan ne. Kada ka wanke su, kada ka shafa musu mai, kada samfefa ta kusance su, kuma kada ka kwance waya ko igiyar da ke jiki. Auna tsawo da nauyin kowanne, ka ɗauki hotonsa gaba ɗaya da ma'auni a gefe, sannan gindi, da mariƙi a hasken kwance, da wuyan da kai ya haɗu da jiki, da gaba da bayan takardar. Da waɗannan ne ma'aikacin gidan tarihi zai iya ba ka amsa mai ƙarfi. Ka kuma duba kan na farko da na biyu ko akwai wasu fararen abubuwa da aka dasa. In akwai, mai yiwuwa haƙorin kifin wel ne, wanda ke ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke taƙaita cinikin namun daji da sassan jikinsu tsakanin ƙasashe, da ta fara aiki a 1975, kuma tsallaka iyaka da shi ba takardar izini yana iya sa jami'an kwastan su ƙwace kulkin gaba ɗaya, komai tsufansa.